Daga Karl Marx Zuwa Bakin Iyakar Illela: Yadda Kalmar Sawaba Ta Rabu Gida Biyu

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Harshe ɗaya ake yi, ana auratayya, kuma ranar Lahadi in kasuwar Illela ta cika ba ka iya rabe wanda ya kwana a Nijeriya da wanda ya kwana a Nijar, sai dai in ka ga sefa a hannunsa. To, a wannan yankin ne, cikin watan Oktoba na 1964, aka yi wani abu da galibin matasanmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Wasu mutane ɗauke da bindigogi suka ɓulla a ƙauyen Dibisu, kusa da Ƙonni. 'Yan jam'iyyar Sawaba ta Nijar ne, wadda aka haramta shekara biyar kafin nan, kuma sun zo da niyyar tayar da talakawa a kifar da gwamnatin Diori Hamani. Talakawan ba su tashi ba. Jagoran tawagar, wani ɗan ƙungiyar ƙwadago mai suna Dandouna Aboubakar, a nan aka kashe shi, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a bainar jama'a don ta zama gargaɗi.

Da yawa daga cikin mayaƙan Sawaba na wannan shekara a ƙasar Sin suka koyo yaƙin sunƙuru, wasu a Biyetnam ta Arewa, wasu a Aljeriya da Gana. Me ya haɗa ƙasar Ƙonni da sansanin horo a birnin Nankin? Amsar tana bi ta kan mutum uku ko huɗu da sunansu ya cika duniya, kuma kowannensu amsa daban ya bayar ga tambaya guda: wa zai yi juyin juya halin?

Kafin mu yi nisa, a Hausa mukan haɗa komai mu ce gurguzu. Gurguzu babbar rumfa ce, har jam'iyyun da ke shiga zaɓe suna neman ilimi da magani kyauta suna ƙarƙashinta. Kwaminisanci kuwa reshe ne guda, na waɗanda suka bi Marx ta hannun Lenin: jam'iyya ɗaya, kuma gona da masana'anta su fita daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Wannan bambanci zai yi mana amfani in mun iso Kano.

Lissafin Marx

An haifi Karl Marx a garin Trier na Jamus a 1818. Hukumomi suka yi ta korarsa daga wannan ƙasa zuwa waccan saboda rubuce-rubucensa, har ya zauna a Landan daga 1849 zuwa rasuwarsa a 1883, cikin talauci mafi yawan lokaci. Wanda ya riƙa ciyar da shi abokinsa ne Friedrich Engels, ɗan mai masaƙar auduga a Manchesta. Wato ribar masana'anta ce ta ɗauki nauyin mutumin da ya fi kowa sukar masu masana'anta. Tare suka fitar da ɗan ƙaramin kundin manufofin kwaminisanci a 1848, sannan Marx ya fitar da juz'in farko na babban littafinsa Das Kapital a 1867.

Zuciyar littafin lissafi ne da kowa zai iya bi. A ce wani Alhaji yana da injin casar shinkafa, da leburori goma. In an cire kuɗin shanshera da na mai da na gyaran inji, a ce aikin kowane lebura yana ƙara darajar naira 10,000 a yini. Ana biyansa 4,000. Ina sauran 6,000? Suna aljihun Alhaji. Marx ya ce wannan rarar ita ce asalin riba, kuma gumin lebura ne da ba a biya ba. Ba wai Alhaji mugu ba ne. In bai yi haka ba, mai injin da ke kusa da shi zai yi, ya karya farashi, ya kore shi daga kasuwa. Tsarin ne ke tilasta wa kowa. Leburan kuma ba shi da zaɓi, don ba shi da inji, ba shi da gona, ƙarfinsa kaɗai yake da shi na sayarwa.

Alhaji yana da amsa, ba kuma ƙarama ba: ni na tara jarin, ni na ɗauki kasada, in shinkafa ta faɗi ni ke asara, lebura kuwa ya riga ya karɓi nasa. Galibin masana tattalin arziki na yau a nan suka tsaya, sun daɗe da barin ra'ayin cewa aikin hannu kaɗai ke ba kaya daraja. Amma tambayar da Marx ya jefa, wa ke da iko a kan rarar kuma me ya ba shi, har yanzu ita ce ake yi duk lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta zauna da gwamnati kan mafi ƙarancin albashi.

Inda abin ya fi jan hankalin mai karatun kimiyya shi ne Marx da Engels sun ce nasu gurguzun na kimiyya ne. Duk wanda ya ce haka, ya yarda kenan a gwada hasashensa. Hasashen kuwa a fili yake: jari zai yi ta taruwa a hannun 'yan kaɗan, ma'aikatan masana'anta za su yi ta yawa suna ƙara talaucewa, har su ƙwace mulki, kuma za a fara ne a ƙasashen da masana'antu suka fi bunƙasa, irin su Ingila da Jamus. Kashin farko, na taruwar jari, ya samu gaskiya mai yawa. Na ƙarshen bai samu ba. A Ingila albashi ya tashi, ma'aikata suka samu ƙuri'a da ƙungiyoyi, suka gwammace ciniki da juyi. Masanin falsafar kimiyya Karl Popper ya yi amfani da wannan a matsayin misali: hasashe ya faɗi jarrabawa, maimakon mabiya su ajiye shi sai suka yi ta yi masa faci. Ni ina ganin Popper ya yi gaskiya a nan. Sai dai facin ne ya canza tarihin rabin duniya.

Masu faci

Na farko Lenin. Rasha ta 1917 ƙasar manoma ce, kusan mutum huɗu cikin biyar a karkara suke. A lissafin Marx ba ta kai ba. Lenin ya ce ba sai an jira ba. Ma'aikata in an bar su, ƙarin albashi kawai za su nema, saboda haka ana bukatar ƙaramar jam'iyya mai tsananin ladabi, ta mutanen da juyi ne sana'arsu, ta ja ragama. Da ita ya karɓi mulki a ƙarshen 1917.

Facinsa na biyu shi ya shafe mu. A wani ɗan littafi da ya rubuta a 1916, ya ce dalilin da ya sa ma'aikacin Ingila bai yi tawaye ba shi ne ana toshe masa baki da wani kaso na ribar da ake kwasowa daga ƙasashen da aka mallaka. Ku tuna dalar gyaɗa ta Kano, da auduga da fatu da ke bin jirgin ƙasa zuwa Ikko, da gyaɗar Maraɗi da ake matsewa a Faransa. A idon Lenin, manomin gyaɗa yana cikin lissafin, ko da bai taɓa ganin masana'anta ba. Daga 1920 ƙungiyar kwaminisanci ta duniya da ke Mosko ta wajabta wa jam'iyyunta goyon bayan masu neman 'yanci a ƙasashen mulkin mallaka. Wannan ya sa 'yan Afirka da yawa suka saurara, har da waɗanda ba ruwansu da sauran aƙidar.

Tun a 1918 wata 'yar gurguzu, Rosa Luxemburg, ta yi gargaɗin cewa in aka rufe jaridu aka hana zaɓe, mulkin ma'aikata zai koma mulkin 'yan tsiraru a ofis. Ba ta ga cikar maganarta ba, an kashe ta a Balin a 1919. Stalin ne ya cika ta. Ya mayar da Tarayyar Sobiyet ƙasar ƙarfe da lantarki cikin shekara goma sha, wadda ta iya karya sojojin Hitler, amma ya ƙwace gonaki da ƙarfi, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi, musamman a Yukiren da Kazakistan, kuma takardun gwamnatin kanta sun nuna an harbe mutum kusan 680,000 a 1937 da 1938 kaɗai.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafi sana'armu. A zamanin Stalin wani mai suna Trofim Lysenko ya ce ilimin gadon halitta ƙaryar 'yan jari-hujja ce, wai za a iya horar da alkama ta canza hali ta kuma gadar wa 'ya'yanta. Ba shi da hujjar gwaji, amma yana da kunnen shugaba. A 1948 aka haramta koyar da ilimin gado a ƙasar baki ɗaya. Nikolai Vavilov, mutumin da ya zaga duniya yana tara irin shuka don maganin yunwa, a kurkuku ya mutu a 1943, kuma yunwa na cikin abin da ya kashe shi. Aƙidar da ta kira kanta kimiyya ta kai ga ɗaure masu kimiyya.

Na uku Mao Zedong, kuma shi ne ya fi kusa da labarin Dibisu. A 1927 aka murƙushe 'yan kwaminis a biranen Sin, Mao ya koma ƙauye ya juya lissafin gaba ɗaya: manomi ne zai yi juyin, karkara ta kewaye birni har ya faɗi. Ya kwatanta mayaƙin sunƙuru da kifi, jama'ar ƙauye kuma su ne ruwan. Ya ɗauki fiye da shekara ashirin kafin ya shiga Bejin a 1949. Abin da ya biyo baya shi ma akwai ɗaci: shirinsa na tsallen ci gaba daga 1958 ya haɗa da umarnin kashe tsuntsaye masu cin hatsi, ƙwari suka samu sarari, jami'ai suka yi ta aika alƙaluman girbi na ƙarya don tsoro, yunwa ta kashe mutanen da masu bincike ke ƙiyastawa daga miliyan 15 zuwa sama da 40. Amma a farkon shekarun 1960 labarin yunwar bai fito sosai ba. Abin da matashin Afirka ke gani shi ne manoma sun kori masu mulki a Sin, Ho Chi Minh ya karya Faransa a 1954, Fidel Castro ya shiga Habana a 1959, Aljeriya ta ƙwaci kanta a 1962. Ga kuma Sin da Sobiyet sun ɓata, kowacce tana neman abokai a Afirka da guraben karatu da makamai.

Talaka ba lebura ba ne

Yanzu mu dawo gida. A ƙasar Hausa ta 1950 ina ma'aikacin masana'antar da Marx ke magana? In ka cire ma'aikatan jirgin ƙasa da na ma'adinai a Jos da 'yan ƙananan ma'aikatan gwamnati, babu. Talaka yana da gonarsa da fartanyarsa. Wanda ke cin guminsa ba mai inji ba ne. Mai karɓar haraji da jangali ne, da hakimin da ke sa shi noman gandu, da ɗan dokar En'e, da kotun da ba ya iya ɗaukaka ƙara daga gare ta, da wakilin kamfani mai awon gyaɗa. Kuma Hausa ba ta jira wani Bajamushe ya raba mata mutane aji biyu ba, tana da sarakuna da talakawa tun tuni.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, kuma takardar manufofinsu ita ake kira sanarwar Sawaba. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. In ka ajiye ta kusa da takardar manufofin wata ƙaramar jam'iyyar gurguzu ta Birtaniya, SPGB, wadda aka rubuta a 1904, za ka ga wasu sassan kusan layi bisa layi suke tafiya: cewa akwai gwagwarmayar aji, cewa kowace jam'iyya muradin wani aji take wakilta, cewa 'yantar da waɗanda ake zalunta aikinsu ne su da kansu. Abin da aka canza shi ne 'yan wasan. Inda Turawan suka sa ma'aikata, NEPU ta sa talakawa. Inda suka sa masu jari, ta sa masu riƙe da En'e. Ƙashin bayan na Marx ne, naman na Kano.

Shin hakan ya sa NEPU ta zama jam'iyyar kwaminis? Abokan hamayyarta sun so a ɗauka haka, don a lokacin kalmar tana nufin wanda bai yarda da Allah ba, kuma an san Marx ya kwatanta addini da abin sa maye da ke rage wa talaka raɗaɗi. Gwamnatin mulkin mallaka ma ta hana shigo da littattafan kwaminisanci. Amma a duba Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a Maru, cikin lardin Sakkwato, a 1950, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Ya yi karatu a Landan, ya yi cuɗanya da 'yan gurguzun jam'iyyar Leba, ya kuma ɗauki hanyar Gandhi ta ƙin tashin hankali. Malami ne ɗan malamai, mai tafsiri da azumi. Shi da Malam Sa'adu Zungur, in za su soki haraji da zaluncin masu sarauta, ba sa bukatar Lenin, don littafin Kitabul Farƙi da ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci. Hujjar da ta fi cizo kenan: ku da kuke mulki da sunan Shehu, ga abin da Shehu ya hana. NEPU ba ta nemi ƙwace gonar kowa ba, ba ta nemi jam'iyya ɗaya ba. Ta nemi zaɓe kai tsaye, da gyaran kotuna, da ƙuri'ar mata.

Kuma ta biya farashi. Teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da suka ɗauki katinta sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda sunan ya manne mata har ya rufe na gidansu, ta shiga kurkuku fiye da sau goma. A zaɓen tarayya na 1959 NEPU ta samu kujera 8, NPC ta samu 134. Duk da haka ba ta ɗauki bindiga ba.

Raƙumi da giwa

A tsallaken iyaka labarin ya bi wata hanya, kuma dalilin yana Faris. Bayan yaƙin duniya na biyu jam'iyyar kwaminis ta Faransa tana cikin mafi ƙarfi a ƙasar, kuma 'yan Afirka suna da kujeru a majalisar Faransa. Babbar jam'iyyar yankin, RDA, wadda aka kafa a Bamako a 1946, ta ƙulla ƙawance da 'yan kwaminis a majalisa. Saboda haka ɗan siyasar Nijar ya sha aƙidar daga tushe, ta hanyar ƙungiyar ƙwadago ta CGT, abin da takwaransa na Kano bai samu ba. A 1950 shugabannin RDA suka ga ƙawancen yana jawo musu fushin gwamna, suka warware shi. Reshen Nijar ya dare. Diori Hamani ya bi shugabanni. Ɗan'uwansa Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta, ya ƙi.

Bakary ya koma ya haɗa kan leburori da direbobi da 'yan tasha da masu aikin gidajen Turawa da ƙananan 'yan kasuwa, ya kafa jam'iyyarsa a 1954. Shi Bazabarme ne, amma ƙarfin jam'iyyar ya fi yawa a garuruwan Hausa irin su Damagaram da Maraɗi da Tasawa, kuma kirarin da magoya baya ke yi, sawaba, shi ya zama sunanta. Kalma ɗaya ce da ta Kano, ma'ana ɗaya: sauƙi bayan wuya. Alamarta raƙumi, ta su Diori giwa. Bakary ya zama magajin garin Yamai a 1956, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Wato abin da NEPU ba ta taɓa samu ba, Sawaba ta samu: mulki ta hanyar ƙuri'a.

Bai daɗe ba. A 1958 Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama: ko a zauna cikin tarayya da Faransa, ko 'yanci nan take. Bakary ya ce a'a, kamar Sékou Touré na Gini. Faransa ba ta shirya rasa Nijar ba, ga yaƙi tana yi a Aljeriya da ke maƙwabtaka. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakunan da ke tare da Bakary suka janye, bayan ƙuri'ar ranar 28 ga Satumba aka bayyana cewa kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce i, kodayake waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba. Kafin ƙarshen shekara an kawar da gwamnatinsa, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Lokacin da Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Bakary yana gudun hijira.

Nan ne bambancin yake. NEPU ana dukanta amma tana da rajista, tana da 'yan majalisa, akwai zaɓe na gaba. Sawaba an rufe mata ƙofa ruf. Mutumin da aka rufe wa ƙofar zaɓe, ga kuma Sin tana miƙo hannu, ga Kwame Nkrumah ya ba da sansani a Gana, ba sai an yi masa dogon wa'azin Mao ba. Matasa suka riƙa sulalewa ta iyakoki, wasu ta Kano inda 'yan NEPU ke ba su masauki. Wasu aka tura su karatu Mosko da Jamus ta Gabas, wasu horon soja. Firimiyan Sin Zhou Enlai ya zaga ƙasashen Afirka goma daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964, ya ce nahiyar ta nuna don juyi. Kafin shekarar ta ƙare, 'yan ɗaruruwan mayaƙan Sawaba suka shigo Nijar ƙungiya-ƙungiya, ta iyakar Nijeriya da Dahome da Mali da Balta ta Sama.

Cikin 'yan makonni aka gama da su. An harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen yari, da yawa ba su fito da rai ba. A watan Afrilu na 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla, bai same shi ba. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, sansanin ma ya tafi.

Me ya sa abin ya rushe haka da sauri? In muka auna da ma'aunin Mao kansa, kifi ne ya faɗo inda ba ruwa. Mao ya yi shekaru yana zaune cikin manoma, yana raba musu gonakin manyan masu ƙasa, kafin ya nemi su mutu dominsa. Manomin ƙasar Ƙonni yana da gonarsa, ba wani mai ƙasa da za a ƙwace wa a ba shi. Ƙarfin Sawaba kuma na 'yan gari ne, 'yan tasha da kasuwa, kuma shekara biyar na kame da leƙen asiri sun tsinka wannan igiya. Ƙasar fili ce, ba dajin Biyetnam ba, baƙo da jaka ba ya wuce ƙauye biyu mai gari bai ji ba. Gwamnati ta ba 'yan banga da mutanen ƙauye umarnin farauta, ga Faransa a bayanta. Bayan gida ma ba tsaro, don gwamnatin Sardauna a Kaduna tana ɗasawa da Diori, kuma ba ta da dalilin tausaya wa abokan NEPU. Masanin tarihi ɗan Holan, Klaas van Walraven, wanda ya yi shekaru yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba kafin ya fitar da littafinsa a 2013, ya nuna cewa yawancinsu ba masana Marx ba ne. Mutane ne da aka ƙwace wa nasarar da suka ci a akwati, suna kuma zaton jama'a na jiransu kamar yadda suka bar ta a 1958.

Ni a ganina wannan zaton shi ne ya kashe su, kuma ba nasu ba ne su kaɗai. Che Guevara ya je Kwango a 1965 da irin wannan lissafi, ya fito da hannu biyu.

Abin da ya saura

Hanyar Kano ta yi jinkiri amma ta kai wani wuri. A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, kodayake Sakkwato ta bi NPN ta Shehu Shagari. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da aka sha bulala a kansa shekara talatin. A wannan zubin ne masu karatun Marx na haƙiƙa suka shigo gwamnati, irin su Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, da Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, wanda aka kashe a tarzomar Kano ta 10 ga Yuli 1981. Makonni kaɗan kafin nan majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Jam'iyyar kanta ta dare, 'yan santsi na gefen gwamnoni, 'yan taɓo na gefen Malam, kuma ba a ɗinke ba har Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983.

Sauran Afirka ta ga masu kiran kansu mabiya Marx iri-iri. Amílcar Cabral na Gini Bisau, masanin aikin gona, sai da ya zaga ƙasarsa yana ƙidayar gonaki kafin ya fara yaƙi, kuma ya fi kowa fahimtar cewa dole a san manomin da ake magana a kansa. Mengistu ya jiƙa Habasha da jini. Mathieu Kérékou ya ayyana aƙidar a Dahome a 1974, ya sauya wa ƙasar suna zuwa Benin, ya ajiye aƙidar a 1989. Thomas Sankara ya yi shekara huɗu a Burkina Faso, aka kashe shi a 1987, kuma hotonsa ne matasan Sahel ke ɗagawa yau, ba na Lenin ba. Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991.

Djibo Bakary ya dawo gida bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori a 1974. Shekara guda bayan nan aka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Ya ga dawowar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, ya sake fitowa da sunan Sawaba, amma jama'a sun yi gaba. Ya rasu a Yamai a 1998.

Ita kuwa Sin, har yau jam'iyyar da Mao ya bari ce ke mulki, amma tun 1978 Deng Xiaoping ya buɗe ƙofa ga kasuwa da jarin 'yan kasuwa. Ta dawo Nijar ta wata fuska: kamfanin manta na gwamnati, CNPC, shi ya haƙo man Agadem, ya gina matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, ya kuma shimfiɗa bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara aiki a 2024. Bututun ya ratsa ta yankin Ƙonni.